Allon Mota Ba Mudu Ba Ne

Ya ku 'yan uwana Hausawa mazauna Yerwa, na Hausari da Gwange da Bulunkutu da Titin Baga, da duk wanda neman abinci ya kawo shi ƙasar Shehu ya yi zaune. Yau maganata a kan wata 'yar lamba ce da ke haskawa a allon gaban mota, kusa da maleji, wadda ke gaya wa direba wai ga yawan man da motarsa ke sha, ga kuma nisan da zai iya yi kafin tanki ya bushe. Na daɗe ina jin yadda ake kafa hujja da wannan lamba a majalisu da tashoshi da wajen dillalai, har ta kai ana sayen mota da ita, ana korar direba da ita, ana kama hanyar Damaturu da ita. Ni kuwa ra'ayina a fili yake: lambar nan kirdado ce, ba awo ba ce, kuma duk wanda ya ɗora mata kuɗinsa ko mutuncin wani ko ransa, ya ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba.

A da babu wanda ya damu da ita. Lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, wa zai tsaya lissafin lita biyu ko uku? Amma tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lissafi ya canja. Farashin da kamfanin NNPC ya fitar a ƙarshen watan nan ya sa lita a naira 488 a Legas, mu kuwa a Maiduguri da Damaturu naira 557, mafi tsada a duk ƙasar. A watan Satumba na 2024 ma haka aka sake yi, Legas naira 950, Borno naira 1,019. Mu ne a ƙarshen layi, sai tanka ta keta Najeriya gaba ɗaya kafin ta iso mana. Saboda haka idan akwai mutanen da ya kamata su san ainihin abin da motarsu ke sha, to mu ne. Abin takaici, a daidai lokacin da muka fi bukatar mudu na gaskiya, sai muka rungumi na jabu muna alfahari da shi.

Ta yaya lambar ke samuwa?

Ya kai mai karatu, abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, a cikin motarka babu wani kwano ko mita da ke auna man da ya wuce zuwa inji kamar yadda famfon gidan mai ke ƙirga lita. Abin da ke akwai shi ne ƙwaƙwalwar mota, wadda kanikawa ke kira birenbos. Ita ce ke ba nozul umarni ya buɗe ya fesa mai na ɗan wani lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba, sannan ya rufe. Tun daga kamfani an rubuta mata cewa sabon nozul irin wannan, idan ya buɗe na lokaci kaza, mai kaza ne zai fita. Sai ta riƙa tara lokutan da ta buɗe shi, ta ninka da abin da aka gaya mata, ta ce ga man da aka sha. Wasu motocin kuma daga yawan iskar da inji ya zuƙa suke lissafo man. Nisan tafiya kuwa daga juyawar taya take samo shi, bisa zaton cewa tayar da ke ƙafar motar girmanta ɗaya da wadda aka fito da ita daga kamfani.

Ka ga ke nan lissafi ne da aka gina a kan zato biyu. Kamar a ce ka aiki yaro ya zuba maka gero a buhu, maimakon ya ƙirga mudu sai ya ƙirga mintocin da ya yi yana zubawa, ya zo ya ce maka mudu arba'in ne. Idan hannunsa bai canja ba, zai yi kusa da gaskiya. Amma wane ɗan kasuwa ne a Kasuwar Monde ko Gamboru zai biya kuɗi a kan wannan awon? Babu. To me ya sa wayonmu na kasuwa ke tsayawa a bakin ƙofar mota?

Kada wani ya ce ƙyashi ne na wanda bai yarda da zamani ba. Su kansu masu ƙera motocin a ƙasarsu an gwada. A shekarar 2021 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, wato AAA, ta ɗauki motoci 16 ta gwada su a ɗakin gwaji, ta kwatanta abin da allo ke faɗa da man da aka sha da gaske. A tsakaice kuskuren ya kai kashi 2.3 cikin ɗari. Amma da aka duba ɗaya bayan ɗaya, akwai motar da ta yabi kanta da kashi 6.4 fiye da gaskiya, akwai kuma wadda ta rage wa kanta da kashi 2.8. Waɗannan fa motoci ne masu lafiya, a hannun ƙwararru, babu ƙura babu rami. Kuma wanda ke ganin kamfani ba ya kuskure a lamba, ya tuna cewa a 2012 Hyundai da Kia sun amsa cewa sun zuzuta alkaluman shan mai da suka manna wa sababbin motocinsu a Amurka, har a 2014 aka ci su tarar dala miliyan 100. Wancan lambar takarda ce, ba ta allo ba, amma darasin ɗaya ne: lambar da mai kaya ya faɗa a kan kayansa sai an bi ta da mudu.

To ina ga motocinmu?

Yanzu mu dawo gida. Mafi yawanmu abin da muke hawa 'yar Kwatano ce, wadda ta yi shekara goma ko sha biyar a hannun wani kafin ta hau jirgin ruwa. Ta iso nan kuma ta shiga hannun kanikawa. Nozul ya toshe, an je kasuwar kayan gyara an samo na wata motar daban an ɗaura, tunda ya shiga ramin kuma inji ya tashi, shi ke nan. Famfon mai na cikin tanki ya mutu, an sa wanda ƙarfin turawarsa ba daidai da na asali ba. Ƙwaƙwalwar motar ba ta san an yi wannan musanya ba. Idan sabon nozul ya fi na da fesawa, za ta rage lokacin buɗe shi don inji ya daidaita, sai allo ya nuna maka mota ta koma shan mai kaɗan, alhali abin da ke fita daga tanki bai ragu ba ko ɗigo. Idan kuma nozul ya fara toshewa, sai allo ya nuna ta zama mashayiya.

Ga maganar taya. Saboda ramukan hanyoyinmu, da yawa muna sa taya mai tsayi don mota ta ɗaga. Wanda motarsa ta zo da 195/65 R15 ya mayar da ita 205/70 R15, ya ƙara wa tayar girma da kusan kashi 5 cikin ɗari. Ma'ana motar za ta ci kilomita 105 a ƙasa, maleji ya rubuta 100. Duk lissafin da aka gina a kan wannan nisa ya karkace. Ga ƙurar hunturu da ke lulluɓe na'urar auna iska. Ga zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, wanda ke sa fetur ya riƙa tashi yana bin iska idan murfin tanki ko tiyo ya saki. Man da ya tsiyaye ta wani ɗan tsagin tiyo, ko ya bi iska, bai taɓa wucewa ta nozul ba, don haka allo bai san da zamansa ba, amma aljihunka ya sani.

Kada kuma mu manta da ambaliyar Satumba 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye Gwange da Kwastam da Kasuwar Monde da kewayen fadar Shehu. Motoci nawa ne suka kwana a cikin ruwa, aka busar da su, aka wanke kujeru, suka dawo titi? Wayoyi da na'urorin da suka sha laka, su ne yau muke rantsuwa da abin da suka faɗa. Haka waɗanda suka mayar da motarsu mai amfani da iskar gas: ƙwaƙwalwar motar tana nan tana ƙirga fetur ɗin da take zaton tana fesawa, alhali gas inji ke ci. A irin wannan mota lambar allo ba ta da wata ma'ana ko kaɗan.

Akwai kuma ruɗanin da ba laifin na'ura ba ne, namu ne. Motar da ta fito daga Amurka MPG take rubutawa, wato mil nawa a galan ɗaya. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, galan ɗin Amurka kuma lita 3.785. Galan ɗin Ingila lita 4.546 ne. Galan ɗin 'yan bumburutu kuwa da muka saba da shi a bakin titi, lita huɗu ake cewa, shi ma in an cika shi. Galan uku ke nan, suna ɗaya, ciki daban. Lamba 30 a allon motar Amurka na nufin kilomita 12.8 a lita, a ta Ingila kuwa kilomita 10.6. Motar Turai ko Kanada kuma L/100km take rubutawa, inda ƙaramar lamba ita ce mai kyau, saɓanin waccan da babbar lamba ce mai kyau. Na sha ganin mutum biyu suna musu a majalisa, wannan ya ce tasa 28 take nunawa, wancan ya ce tasa 9, kowa na ganin ya fi, ba su san ba da yare ɗaya motocin ke magana ba.

Inda abin ke cutarwa

Da a ce musun majalisa ne kawai, da ban ɓata tawada ba. Wuri uku ne nake ganin ɓarna.

Na farko wajen ciniki. Lambar matsakaicin shan mai ana goge ta da danna maɓalli ɗaya, ko a cire kan batir a mayar. Wanda ke son sayar maka da mota ya goge ta, ya hau titi mai kyau da sassafe, babu esi, babu cunkoso, ya yi tafiyar minti goma a hankali, ya dawo ya faka. Kai kuma ka zo da la'asar, ya kunna maka allo ya ce, Alhaji duba da idonka, ai wannan shaƙar mai take yi ba sha ba. Ka gani da idonka kuwa, sai dai abin da ka gani tarihin minti goma ne. Ita kuma lambar nan take, mai canjawa kana tafiya, ɗaga ƙafa kawai za ka yi daga totur ta nuna maka abin al'ajabi, domin a lokacin inji ya yanke mai gaba ɗaya. Wannan cinikin biri a sama ne, ko da birin yana da fitila.

Na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai, shi ne tsakanin maigida da direba. Mu 'yan kasuwa ne, kullum motocinmu na kan hanyar Kano, ta Damaturu da Potiskum da Azare da Wudil, tafiyar kusan kilomita 600. Mu ɗauka allo ya ce lita 8 a kowace kilomita 100. Maigida ya buga lissafi, lita 48 zuwa, 48 dawowa. Idan kuskuren allon bai wuce irin na waccan mota mai lafiya ta Amurka ba, kashi 6.4, ainihin abin da aka sha ya kai lita 51 a kowace tafiya. Lita shida ke nan a zuwa da dawowa, lita 24 idan sau huɗu ake zuwa a wata. A farashin Satumba 2024 wannan ya haura naira 24,000, fiye da kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka sa wa hannu a shekarar. Wa za a ce ya ci kuɗin? Direba.

An taɓa kirana sulhu a irin wannan rigima, tsakanin wani dattijon ɗan kasuwa da yaron da ya yi shekaru yana ja masa mota. Dattijon ba azzalumi ba ne, ɗansa ne ɗan boko ya nuna masa allo ya ce Baba ga abin da kwamfuta ta ce, ga kuma rasit ɗin da ake kawo maka. Yaron nan yana rantsuwa yana hawaye, ana ce masa kwamfuta ba ta ƙarya. Abin da na roƙa kawai shi ne ɗan maigidan da kansa ya ja motar tanki uku, ya rubuta. Ya ja, giɓin nan bai tafi ko'ina ba. An ba yaron haƙuri, amma maganar ta riga ta zaga tasha, kuma kowa ya san sunan ɓarawo ya fi saurin mannewa a kan cirewa. Ba ina cewa babu direbobin da ke zuƙe mai da tiyo ba, akwai su, mun san su. Cewa nake yi allo bai isa ya zama shaida a kan kowa ba. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle zaton da na'ura ta yi maka.

Na uku maganar rai ce. Waccan lambar da ke cewa saura kilomita kaza mai ya ƙare, kirdado ne a kan kirdado. Tana haɗa abin da ɗan abin nan mai yawo a saman mai cikin tanki ya faɗa, da irin tuƙin da ka yi a baya-bayan nan. Tankin da ya sha dukan rami ya lotsa, ko famfon da aka canja da wani mai hannu daban, duk suna sa geji ya yi ƙarya. Kuma lambar ba ta san abin da ke gabanka ba. Ba ta san za ka tsaya a shingen bincike inji na silo esi na aiki ba, ba ta san lodin da ka ɗora ba, ba ta san gidan man da kake dogaro da shi a Benishek yau a rufe yake ba. Mu da ke zaune a garin nan ba sai an gaya mana abin da jinkiri ke nufi a tsakanin Jakana da Mainok ba. A daren 9 ga Fabrairu, 2020, matafiyan da suka iso Auno bayan an rufe hanyar shiga gari suka kwana a motocinsu, aka far musu, aƙalla mutum 30 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Rufe hanya ne ya tsayar da su, ba ƙarewar mai ba, amma duk abin da zai tsayar da kai a wannan hanya da yamma, hukuncinsa ɗaya. Wanda ya fita daga Damaturu da sulusin tanki don allo ya ce zai kai, caca yake yi da iyalinsa.

Na san abin da za a ce

Wasu za su ce, to Malam so kake mu koma zamanin Pijo 504, muna leƙa tanki da sanda? A'a. Allon yana da amfaninsa, kuma ni ma ina duba nawa. Amfaninsa shi ne kwatanta mota da kanta. Idan kullum tana nuna 9 a hanyarka ta zuwa kasuwa, sai ga shi wannan makon ta koma 11, to ruwa ba ya tsami banza, je ka duba fulogi da iskar taya da abin tace iska. Yana kuma koya wa mai nauyin ƙafa ya sassauta totur. A nan ya tsaya. Malamin tuƙi ne, ba alƙali ba.

Wasu kuma za su ce, ai famfon gidan mai ma yana ƙarya, me ya sa za mu yarda da shi mu ƙi allo? Wannan magana ce mai ƙarfi. Tauye lita a gidajen mai ba sabon abu ba ne, shi ya sa hukumar DPR a da, da NMDPRA da ta gaje ta bayan dokar man fetur ta 2021, ke zagayawa da gwangwanin awo suna rufe waɗanda aka kama. Amma bambancin shi ne, famfo kana iya tuhumarsa. Ka je da jarkar da ka san cikinta, ka sayi lita goma, ka gani. Allon mota kuwa da me za ka tuhume shi in ba da famfon ba?

Abin yi

Hanyar tsohuwa ce, ba ta bukatar komai sai biro da ɗan littafi a aljihun mota. Zaɓi gidan mai ɗaya da ka gwada ka yarda da shi, famfo ɗaya. Cika tanki har famfo ya yanke da kansa karo na farko, kada ka ce a ƙara, kada a jijjiga mota. Mayar da ƙaramin maleji sifili, ka goge lambar allo ita ma. Yi harkokinka. Idan mai ya yi ƙasa ka koma famfon nan ka sake cikawa haka, ka rubuta lita, ba naira ba, ka rubuta kilomita, ka rubuta abin da allo ya ce. Raba kilomita da lita. Wanda ya yi kilomita 420 ya zuba lita 40, motarsa na yin 10.5 a lita. Tanki ɗaya bai isa ba, yi sau biyar ka haɗa jimla, domin ɗan bambancin cikawa yana narkewa idan tankuna suka yi yawa. Idan ka canja girman taya, gwada malejinka da taswirar wayarka a doguwar tafiya ka ga nawa yake ci ko yake ƙarawa. Bayan wata ɗaya ko biyu za ka san halin allonka, ko mai zuzutawa ne ko mai ragewa, da kuma nawa.

Mai sayen mota, ka ce a ba ka ita ku cika tanki tare ku yi tafiya mai ɗan nisa ku dawo ku sake cikawa, kuɗin man a kanka. Wanda ya ƙi, ya ba ka amsa. Maigida, kafin ka buɗe baki a kan direbanka, ka hau motar nan da kanka ko ka sa wanda ka yarda da shi, ku yi awo, sannan ku yanka adadin mai na kowace tafiya da yardar juna, da rarar tsayuwar hanya a ciki. Shugabanninmu na tasha da na kasuwa, ina roƙonku duk ƙarar da aka kawo muku wadda hujjarta allo ne kaɗai, ku ce a je a auno tukuna. Matafiyi kuwa, ka cika tanki a Damaturu ko a nan gida kafin ka kama hanya, ko allo ya rantse maka.

Iyayenmu da suka zo garin nan da fatauci ba su da kwamfuta, amma ba a taɓa sayar musu da hatsi a mudun da ba su ɗaga sun duba gindinsa ba. Wannan gadon bai kamata ya ɓace a hannunmu don an sa wa mudun fitila ba. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya sa wa nemanmu albarka, ya kiyaye mu daga cin haƙƙin na ƙasa da mu.